Hancin Manaja da Kamfanin Inshora

Mutane ba su da adalci. Har yau in aka tashi ba da labarin Manaja sai a fara daga ƙofar gilashi, a yi ta dariya har da riƙe ciki. Ba wanda ke tuna cewa kafin ƙofar nan mutumin yana da suna, yana da hanci, kuma saura ƙiris ya zama shugaban ƙungiyar masu shaguna ta layinsu.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne: injin kwafi, kyamarar hoton fasfo, farin ƙyalle a bango, da madubi. Ba shi da ma'aikaci ko ɗaya, amma Manaja ake ce masa, don shi ya raɗa wa kansa sunan ya kuma buga a allo. Madubin an rataye shi ne domin masu ɗaukar hoto su gyara wuyan riga, sai dai rabin yini mai shagon ne a gabansa, yana juya fuska dama da hagu yana gaisawa da hancinsa. Dogo ne, miƙaƙƙe, ba lanƙwasa ko kaɗan. Yakan ce a danginsu kaf shi kaɗai aka zauna aka yi wa hanci, sauran duk na gaggawa aka manna musu.

Bayan hanci, abin alfaharinsa na biyu takarda ce. “Duk takardar da ke yawo a garin nan ta cikin injina ta bi,” in ji shi. Masu cewa bai taɓa karanta ko ɗaya ya wuce kanun farko ba, hassada ce kawai ke cin su.

To, tsohon shugaban ƙungiya ya gaji ya ce a nemi wani. Mutum biyu aka tsayar: Manaja, da Mai Walda, wan matarsa, wani bawan Allah da ba ya magana sai ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa. Manaja ya san bai kamata a ce ma akwai takara ba, amma mutanen layin suna da wata muguwar ɗabi'a ta son wanda ba ya damun su. Dole ya kawo musu wani babban abu kafin ranar zaɓe.

Babban abin kuwa da ƙafarsa ya shigo shago. Wata matashiya ce da jaka a kafaɗa da katin aiki a wuya, ta zo kwafin takardun talla. Wakiliyar wani kamfanin inshorar lafiya ce: ka riƙa biya duk wata, in ciwo ya same ka ka je asibiti su biya. Kafin injin ya gama zafi Manaja ya riga ya hango kansa a kujerar shugaba, layi kaf yana sa masa albarka.

“Zauna, 'yata. Da ni za ki fara, gobe in tara miki layin nan gaba ɗaya.”

Ta zauna ta fito da wayar aikinta. “Ranka ya daɗe, kafin a sa hannu akwai 'yan kalmomin da nake so kowa ya fahimta. Akwai abin da muke kira lokacin jira, wato…”

“Wuce nan. Tun kina firamare nake kwafinsa.”

“Sai kuma asibitocin da ke cikin tsari, su ne…”

“Wuce.”

“Da kason aljihu…”

“'Yata, gida kika zo. Tambaye ni abin da ba a sani ba.”

Ta haɗiye sauran maganarta. “To, akwai ciwon da kake fama da shi tun kafin yau? Mu muna ce masa ciwon da aka shigo da shi.”

Nan ne ƙwaƙwalwar Manaja ta yi aikin da ba kowace ƙwaƙwalwa ke iyawa ba. Ya ce a ransa: ai wannan awo ne. In ka je wurin tela ba ka ce a sa maka aljihu ba, riga za ta fito ba aljihu. Kamfani yana tambaya ne don ya san abin da zai ɗinka maka. Wanda ya faɗi ciwo ɗaya, ɗaya ya saya. Mai wayo kuwa sai ya kwashe kasuwar.

Ya dafa ƙugu ya saki nishi. “Baya. Rubuta baya.”

“Tun yaushe?”

“Ya daɗe. Sa gwiwa, duka biyun. Ido. Kunne. Haƙori, sama da ƙasa. Ƙirji. Ciki. Ƙoda. Saifa.”

Yarinya ta ɗago ta dube shi, ga mutum kumatu sumul yana sheƙi. “Ranka ya daɗe, wanda kake da shi da gaske dole ka faɗa. Amma in ka faɗi wanda babu, kanka za ka cuta, domin duk ciwon da aka shigo da shi kamfani ba ya…”

“Rubuta.”

Ya yi murmushi a ɓoye. Ga shi nan, ta fara kare wa iyayen gidanta aljihu. Da ta ƙara cewa “don Allah ka bari in ƙarasa,” sai ya tabbata ya taka musu inda ke ciwo, ya ƙara mata da idon sawu, da wuya, da wani ciwo mai dogon suna da ya taɓa gani a takardar wani mai kwafi, wanda bai san a wane ɓangaren jiki yake zama ba.

Ta sauke ajiyar zuciya ta duba abin da ya rage. “Hanci fa? Toshewa, ko yawan haɓo?”

Manaja ya miƙe tsaye. Duk nishin ya ɗauke.

“Wane hancin? Wannan?” Ya juya mata gefen fuska don haske ya sauka a kai. “Dube shi da kyau. Ki rubuta abin da kika ga dama a kan ƙodata, amma kada alƙalaminki ya kusanci wurin nan.”

Da ya koma gida ya ba Uwargida labari yana cin abinci yana kaɗa ƙafa. Ta bar shi ya kai aya.

“Saifa ka ce?”

“Saifa.”

“Nuna mini inda take.”

Ya dafa ƙasan kafaɗa.

“Allah ya sawwaƙe,” in ji ta. “Shekara nawa muna tare, ban taɓa jin ka yi ciwo ba sai ranar da za a ɗaga katifa a shanya.”

“Ke matsalarki ba ki san takarda ba. Jinin gidanku ne, ƙarfe kawai kuka sani.”

“Ƙarfe dai in an buga shi yana jin magana.”

Washegari tun da hantsi ya jera benci a ƙofar shago ya buɗe makaranta. Ga Tela, wanda bayansa ya daɗe da ƙagewa a kan keke. Ga Gwaggo mai zare da maɓallai, tsohuwar da gwiwarta ke ƙara kamar ƙofar da ba mai. Ga sauran 'yan layi, kowa ya bar shagonsa a buɗe.

“Ku saurare ni,” in ji Manaja. “Yarinyar nan za ta tambaye ku ciwo. Kada wanda ya yi mini kunya. Abin da ka faɗa shi ka saya.”

“Ni baya ne kawai,” in ji Tela.

“Baya kawai! Haƙoranka na dutse ne? Idon da kake zura zare da shi ba zai gaji ba? Ka faɗa tun yau, ka ce ya shekara bakwai yana damunka, don su san ba wasa ba ne.”

“Ni kuma me zan ƙara, ɗan nan?” in ji Gwaggo.

“Komai, Gwaggo. Duk abin da ta ambata ki ce akwai.”

Ya tsaya ya koya musu nishi, ya gyara wa mai gyaran waya ɗingishinsa don yana mantawa da ƙafar da ya fara da ita. Lokacin da wakiliyar ta iso, ta tarar da layin da jiya ta bari lafiya lau ya koma kamar an kwaso shi daga haɗarin mota. Ta roƙa, ta yi magiya, ta ce a bar ta ta yi bayani ga kowa da kowa. Duk sanda ta buɗe baki sai Manaja ya kashe wa jama'a ido ɗaya, su kuma su ƙara nishi.

Da aka zo kan Mai Walda, ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, “Ido. Tartsatsi.” Ya sauke gilashi ya koma aiki.

“Kun gani?” in ji Manaja da ƙarfi. “Wanda ke neman shugabancinku ke nan. An buɗe masa kanti ya ɗauki allura.”

Da aka ga abin da 'yan makarantar Manaja za su riƙa biya duk wata ya fi na Mai Walda nauyi, an ɗan yi gunaguni. Manaja ya kashe maganar nan take. “Wanda ya sayi kaya da yawa ai shi ke biya da yawa. Mu babban tsari muke ciki.”

Katuna suka iso. Na roba ne masu kyau, ba abin da suke buƙata, amma Manaja ya karɓe su duka ya ce zai rufe su da leda kyauta, gudummawar ɗan takara. Ya tura su cikin injin zafi, suka fito a nannaɗe kamar busasshen ganye. Ya ce haka sun fi daɗin riƙewa.

Aka yi 'yan watanni ana biya, zaɓe ya ƙarato. Sai Manaja ya yi shela: ranar kaza kowa ya rufe shago, ya ɗauko motar haya, za a tafi asibiti a gyara layin nan daga kai har ƙafa. Ya kuma kafa doka: kada wanda ya ɗauko ko sisi. “Kati ne kuɗinku. Duk wanda na ga jaka a hannunsa bai yarda da ni ba.”

Kamar an shirya, ana saura kwana biyu haƙori ya kama Tela, kamu na gaske, kunci ya kumbura har ido ya ƙanƙance. Manaja ya je dubiya yana fara'a.

“Ka ga amfanin zama kusa da masu hangen nesa? Da ba mu rubuta haƙorin nan ba fa?”

Tela ya ɗaga masa hannu alamar godiya, don baki ba ya buɗuwa sosai.

Ranar tafiya Manaja ya sha farar riga, ya zauna gaba kusa da direba. Uwargida ta shiga can baya ta ce ita ba magani za ta karɓa ba, kallo za ta je. Ta kuma jawo wanta Mai Walda ta ce, “Yaya, don Allah bi mu. Ba a san inda za a buƙaci mai ɗaukar kaya ba.”

Asibiti mafi girma Manaja ya nuna wa direba, mai furanni da ruwa na tsiri a tsakar fili. Ya shiga gaba, mutum goma sha wani abu suna biye suna ɗingishi. Matar da ke kan tebur ta karɓi nannaɗaɗɗen katinsa da yatsa biyu, ta miƙar da shi da kyar, ta ce su ba sa cikin tsarin wannan kamfanin.

“Ba asibiti ba ne nan?”

“Asibiti ne. Amma kamfaninku yana da waɗanda ya yi yarjejeniya da su. Ba a gaya muku ba?”

Manaja ya juyo ga jama'a yana murmushi. “Na sani. Gwada su na yi, in ga ko za su yi mana ƙarya. Mu tafi.”

“Ɗan nan,” in ji Gwaggo, tana hawa mota da rarrafe, “gwajin nan da gwiwata kake yin sa.”

Asibiti na biyu ƙarami ne amma tsaf, ƙofarsa ta gilashi ce daga sama har ƙasa, wata mata tana goge ta. Ɗakin jira cike yake da mutane. Wannan ya yi wa Manaja daɗi, don aikin alheri yana son shaidu. Ya tura Tela gaban magatakardan asibitin.

“Fara da wannan. Haƙori. Yana cikin abin da muka saya.”

Magatakardan ya danna kwamfuta, ya gyara tabarau. “Haƙori. Ciwon da aka shigo da shi ne. Kamfani ba zai taɓa shi ba sai ya shekara a tsari.”

Tela ya cire hannu daga kunci. “Shekaranjiya ya fara!”

“Nan ka ce ya shekara bakwai yana damunka.”

Tela ya juya a hankali ya dubi Manaja da ido ɗaya da rabi.

“Kuskuren na'ura ne,” in ji Manaja. “Duba ta Gwaggo.”

Magatakarda ya duba, ya daɗe yana dubawa. “Baba, ke gwiwa, baya, ido, kunne, ƙirji, hawan jini…” Ya tsaya, ya leƙo ta saman tabarau. “Da laulayin ciki.”

Wani mai karyayyen hannu a kusurwa ya fashe da dariya, saura suka kama.

“Ni?” Gwaggo ta dafe ƙirji. “Ni da nake goyon tattaɓa-kunne? Kai ka ce duk abin da ta ambata in ce akwai, ja'iri!”

“Allah ya raba lafiya, Gwaggo,” in ji Uwargida daga baya.

Da wani mutumin ne, da tuni ya nemi wurin ɓuya. Manaja kuwa fito da waya ya yi, ya kira wakiliyar, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya ɗaga wayar sama.

“'Yata, ga mu a asibitinku ana yi mana wulaƙanci. Gaya wa mutumin nan ko ni wane ne.”

“Ranka ya daɗe,” muryarta ta cika ɗakin, a natse, “yau za ka bar ni in ƙarasa?”

“Yi magana.”

“Ba ciwo ake saya ba. Kamfani yana ɗaukar abin da zai same ka nan gaba ne. Haɗari, tun daga ranar farko. Sabon ciwo, bayan ɗan lokacin jira, kuma naku ya riga ya wuce. Wanda ka shigo da shi ne ake ajiyewa gefe sai an shekara. Da Tela bayansa kawai ya faɗa, da yanzu yana kan kujerar likitan haƙori.”

Tela ya yi wani sauti da ba kalma a ciki, amma kowa ya gane.

“To ni fa?” in ji Manaja, murya ta ɗan sirance.

“Kai ranka ya daɗe ba ka bar wa sabon ciwo wurin sauka ba. Ko'ina ka ce da mai shi.”

Ya kashe wayar. Ya lura 'yan layinsu duk sun warke: ba mai ɗingishi, ba mai nishi, mai gyaran waya ma tsaye yake a kan ƙafa biyu yana naɗe hannun riga. Sun fara matsowa.

“Ku kwantar da hankalinku,” in ji Manaja, yana ja da baya cikin mutunci. “Wannan magana ce ta manya. Yanzu zan je hedkwatarsu da kaina. Kada wanda ya motsa.”

Ya juya da sauri irin na mai muhimmin aiki, kai a sama kamar yadda ya saba. Matar nan kuwa ta goge ƙofar da gaskiya da amana, ba ta bar ko tabon yatsa ba.

Ƙarar sai da ta sa wani jariri kuka. Hancin, da yake shi ne kullum a gaba, shi ya fara isa.

Manaja ya zauna a ƙasa daɓas, jini na bin farar riga. Ya taɓa wurin, ya ji abin da ya bari yana kallon gabas ya koma kallon arewa.

“Madubi,” in ji shi. “A ba ni madubi.”

“Ba ka so,” in ji Uwargida, tana danna masa gefen mayafinta.

Magatakarda, wanda bai bar kujerarsa ba, ya sake danna kwamfuta. Ya bi layi-layi da yatsa har ƙasa, ya dawo sama, ya sake bi.

“Ikon Allah. Hanci babu a ciki. Kuma haɗari ne.” Ya ɗaga murya. “A kawo keke! Wannan kamfani zai biya.”

Nan fa ɗaki ya rikice. Mota guda aka ciko, shaguna a rufe, ciniki ya wuce, ga Tela da kunci kamar ya ɓoye ƙwallo, amma mutum ɗaya tak aka ɗora a keken marasa lafiya, nas biyu na lallaɓa shi.

“Kun gani ko!” Gwaggo ta buga sanda a ƙasa. “Ashe ya sani! Ya toshe mana ko'ina ya bar wa kansa hanya!”

Manaja ya so ya ce wallahi bai sani ba. Sai ya auna: a ce masa macuci, ko a ce masa bai san takarda ba. Ya gyara zama a keken, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ce ta cikin auduga, “Na dai gaya muku tsarin yana aiki.”

“Saura kason aljihu,” in ji magatakarda.

“Wane kaso kuma?”

“Ɗan abin da mai kati ke cikawa da kansa.”

Manaja ya shafa aljihun da shi da bakinsa ya kafa wa doka. Ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi da hannuwa a wofi. Sai Mai Walda, wanda bai halarci makarantar Manaja ba balle ya ji doka, ya matso ya zaro tsohuwar jakarsa mai ƙonewar tartsatsi, ya biya. Ya kama hannun Tela ya ce, “Taho. Haƙori.” Kalmominsa ke nan na ranar, kuma da su ya ci zaɓe.

An yi zaɓen Manaja na da filasta a gicciye a fuska. Ya yi jawabi mai tsawo, sai dai duk ta hanci ya fito, kuma hancin ba ya aiki. Da aka ce masu son Mai Walda su ɗaga hannu, Gwaggo har da sanda ta ɗaga.

Abu na farko da sabon shugaba ya yi shi ne kiran wakiliyar ta dawo ta gyara abin da zai gyaru, ta yi bayani tun daga farko. Ƙungiya ta kuma zartar da doka ba hamayya: duk ranar da wani ya zo yi wa layi bayanin takarda, Manaja zai zauna a waje ya kula da shaguna har a gama.

Yanzu in ka bi ta layin ranar taro za ka gan shi a kan benci shi kaɗai, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Hancin ya warke, sai dai ya ɗan karkata, kamar yana leƙen abin da ke faruwa a shagon maƙwabci. Ya mayar da madubinsa bangon hagu, inda karkatar ba ta cika nunawa ba.

In baƙo ya tambaye shi ina mutane suka shiga, sai ya nuna ƙofar da haɓa.

“Darasi suke ɗauka. Ni an ɗauke mini.”

In kuma baƙon ya ƙura wa fuskarsa ido ya daɗe, Manaja yakan juya masa gefen da ya fi kyau, ya ɗan shafa wurin da yatsa.

“Kamfani ne ya yi mini shi. Duk layin nan ni kaɗai na ci moriyar katina.”